Bakano, Ka Ƙyale Gwaggo Da Tsufanta

Zuwa ga bawana na birnin Dabo, mai shago biyu a Kantin Kwari da waya uku a aljihu. Ubangidanka na Zazzau yana gaishe ka. Ya kasuwa, ya ƙirgen kuɗi? Na san ba ka duba jarida sai shafin da ake rubuta farashin dala, don haka na roƙi edita ya ajiye wannan kusa da shi.

Labari ya iso mana Zariya da ɗuminsa. Wai ka sa an jawo Gwaggo daga garejin marigayi Baba, an kai ta Kwakwaci, ka tara bakanike da mai walda da fanel bita da riwaya, kun zauna a kan benci kuna shawara kamar masu rabon gado. Mai karatu da bai san Gwaggo ba, ba mutum ba ce. Land Rover ce ƙirar 1966, gajeriyar nan mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, wadda masu ita suke kira Series IIA. Koriya ce, fitilunta biyu a matse a tsakiyar fuska kamar tana hararar mai bin ta bashi, safaya a kwance a kan bonet. Mu muka raɗa mata Gwaggo muna yara, saboda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, in kuma ta tashi unguwa duk sai ta sani.

An karanto mini abin da kake shirin yi mata, sai da na ajiye cokalin fate. Za a cire injinta a dasa na Land Cruiser mai silinda shida. Za a sa esi, da baƙin gilas, da kujerun fata, da tayoyi masu faɗin faifai, da sifikun da za su riƙa girgiza 'yan Adaidaita a danja. Sannan a shafe ta da baƙin fenti mai sheƙi. Alhaji, wannan ai kai kaka shagon kwalliya ne a yi mata bilicin da gashin doki. Ba za ta koma budurwa ba, kuma an raba ta da kwarjininta na tsufa.

Bari in karantar da kai, tunda mu aka bar wa ilimi ku aka bar muku sikeli. An fara nuna Land Rover ga duniya a Amstadam ranar 30 ga Afrilun 1948, a garin Solihull na Ingila kuma aka riƙa ƙera ta. Injiniyan kamfanin Rover, Maurice Wilks, yana da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka da yake aikin gona da ita, daga nan tunanin ya zo masa. Ana ba da labarin cewa a kan rairayin bakin teku ya fara zana siffarta, ka ga ashe da bugun ƙasa aka samo ta. Lokacin an fito daga yaƙin duniya na biyu, ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai suka yi bodin da alminiyam, dangin tukunyar sanholon da ake dafa muku ɗanwake. Shi ya sa Gwaggo ta doshi shekara sittin jikinta bai yi tsatsa ba. Cesis ɗinta ne ƙarfe, da bangon da ya raba inji da direba, su kuwa busasshiyar iskar Arewa ta yi musu rana.

Wannan alminiyam ɗin shi nake jiye wa gudumar fanel bitanka. Ba ya son duka, in aka matsa masa miƙewa yake yi ya ƙi komawa, kuma ba kowane mai walda ne yake iya liƙe shi ba. Abin da yaron zai yi na sani: ya cika kowane lotsi da fila, ya goge, ya fesa baƙi, ka biya kana murna. To lotsin da ke kafaɗar dama, ka manta wanda ya yi shi? Bijimin nan ne na rugar da Baba ya je allurar bushiya a 1983, shekarar da cutar ta yi wa shanun ƙasar nan kaca-kaca. Baba ya yi shekara da shekaru yana nuna wa baƙi wurin da sandarsa, kullum ƙahon bijimin yana ƙara tsawo a labarin. Fila ta naira nawa za ka cusa a wannan?

Ni ban manta hutun daminar da na yi a gidanku ba, ranar da Baba ya ɗebe mu zuwa wani ƙauye a bayan Tudun Wada. Muka iso rafi ya kawo, wata a-kori-kura ta kafe a tsakiya, fasinja sun naɗe wando suna turi. Baba bai ce uffan ba. A ƙasan Gwaggo sanduna uku ne: baƙa ta giya, da mai rawayan kai wadda ake dannawa ƙafa huɗu su ja, da mai jan kai ta ƙaramar giya. Ya tsaya cak, ya jawo ja ɗin baya, ya yi bisimilla. Gwaggo ta shiga ruwan tana gurnani, tafiyar hawainiya, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana jiƙa mana silifa, ta haure gaɓa ba ta ko yi tari ba. Baba ya sauko da igiya ya fizgo a-kori-kurar. Kai kuwa, don kar a manta, kana baya ka rungume buhun gishirin shanu kana salati da ƙarfi, kana alkawarin ba za ka ƙara cin canjin aike ba. Alkawarin bai kai Kwanar Ɗangora ba.

Injin da ya yi wannan aikin lita biyu da kwata ne, silinda huɗu, ƙarfinsa bai wuce na doki saba'in da 'yan kai ba. Ba gudu aka yi shi ba. Komai na jikin motar kuma daidai wannan ƙarfin aka auna shi. Injin da kake son dasawa lita 4.2 ne, ya fi nata tsawo, ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ba zai zauna ba sai an yanka, an tura lagireto gaba, an taɓa fuskar nan mai harara. In ya zauna, giyabos ɗin Gwaggo ba zai daɗe yana ɗaukar wannan ƙarfi ba, balle sandunan da ke juya tayoyin baya, waɗanda ko da ƙaramin injin an san su da karyewa in aka takura musu. Sai bakanike ya ce a sauya giyabos. Sai ya ce aksul ma. Sai birki, don birkinta na ganga ne, na tafiyar kilomita sittin zuwa saba'in, ba na wanda zai taka ɗari da ashirin a hanyar Wudil ba. Ranar da za a gama, abin da ya rage na Baba lambar mota ce kawai da ƙugiyar rataye buta. In Toyota kake so, Alhaji, dillalai sun cika Kano, kuma rabinsu 'yan'uwanka ne.

Esi kuwa tana da nata. Marufai biyu ne a ƙarƙashin gilashin gaba, ka tura su iska ta shigo da ƙura da ƙwari da duk abin da Allah ya hore. Rufinta hawa biyu ne, iska tana ratsawa tsakani, rana ta ƙare a na sama. Saman ƙofa noti biyu ne ya riƙe shi, in zafi ya yi zafi ka kwance ka jefa baya. Turawan da suka ƙera ta sun san bazara, ba su dai san Bakano mai babbar riga uku ba.

Na san abin da za ka ce, don bakinka ba ya mutuwa. Za ka ce Zage-zagi da ko jinsin mota ba su sani ba, masu cewa "motan nan ya lalace", su ne za su koya maka mota? Za ka kuma tono mini Peugeot 404 ɗin kawuna. To na riga ka. Gaskiya ne, mun hana kowa taɓa ta, muka ce sai an samo kayanta na asali, ta shekara goma sha a gindin mangwaro. Kaji suka yi ƙwai a kujerar baya, ɓeraye suka cinye waya, gara ta gama da sauran. Ƙarshe 'yan gwangwan suka auna ta a kilo, kuma wanda ya saya, in ba ka manta ba, Bakano ne. Wannan ba adana ba ne, jana'iza ce aka ja ta da tsawo. Motar da ba ta hawa titi mutuwa take yi a tsaye, robobinta su bushe, birkinta ya kame.

Kuma ko Baba bai bar Gwaggo yadda ta zo ba. Da sitiyarinta a dama ta sauka, don a lokacin hagu ake bi a Nijeriya. Da aka koma bin dama a watan Afrilun 1972, ya sa aka mayar da shi hagu, aikin da bai yi wuya ba tunda agogunan motar a tsakiya suke, an yi ta ne don ta karɓi sitiyari ta kowane ɓangare. Daga baya ya cire dainamo ya sa altaneta. Sai dai ka shiga ɗakin ajiyarsa ka duba bayan buhunan takardu. Dainamon yana nan a cikin buhun siminti, an ɗaure bakinsa, an rubuta kwanan wata da biro. Baba bai taɓa kai mata zarto ba.

Nan ne iyakata da kai. Duk abin da sufana za ta kwance, sufana kuma ta mayar, na yafe maka. Gyara birki tun daga bututu, ka sa mai layi biyu, don in ɗaya ya fashe ɗaya ya tsayar da kai. Sa bel a kujeru, jikokin Baba za su hau. Sake wayoyin wuta gaba ɗaya, sun tsufa, gobara ba ta san kayan tarihi ba. Sifirin ɗinta na ganye in sun gaji akwai masu laushi da ke zama a gurbinsu ba tare da an huda komai ba, ƙugunka zai gode maka. Ko tukunyar gas da kake ta zance tun da aka cire tallafin fetur a 2023, na san Gwaggo mashayiya ce, lita ɗaya da ƙyar take kai ta kilomita bakwai. In za a ɗaure tukunyar a baya ba a fasa bodi ba, ban hana ba. Abin da aka cire a zuba a buhu a ajiye kusa da dainamo. Amma ranar da na ji ƙarar injin yanka ƙarfe a kusa da ita, da kaina zan hau motar Kano, kuma ka san kuɗin motar kai za ka biya.

Yanzu bari in yi maka magana da yaren da kake ji. An daina ƙera wannan zuri'a ta Land Rover a Solihull ranar 29 ga Janairun 2016. A shekarar nan kamfanin da kansa ya shiga neman tsofaffin Series I yana mayar da su yadda suka fito, yana sayar wa masu kuɗi da tsadar da ta fi ta sababbin motoci da yawa. Masu tara irin waɗannan motoci abin da suke fara dubawa lambar cesis ce da lambar inji, su ga ko tare suka baro masana'anta. Koɗaɗɗen fentin nan da kake jin kunyarsa, wasunsu sun fi son sa a kan sabo. Wato kana shirin kashe miliyoyi don ka rage wa kayanka daraja. Bakano! In wannan labari ya shiga Kwari, ko yaron shago ba zai ƙara ba ka ajiyar mukulli ba.

Na ji an ce da bakanike ya ambaci wannan, ka yi shiru, ka ciro waya ta biyu ka fara danna kalkuleta. Kar ka sayar kuma, don na san halinka, daga wannan rami sai wancan.

Watan cika-ciki ya kusa, kuma bana ba na son kuɗin shara a ambulan. Ka zuba wa Gwaggo mai, ka ɗauko hendil ɗinta a bayan kujera don na san batirin ya mutu, ka murza da kanka, ka kawar da babban yatsa kar ta harbe ka. Ka biyo ta Kura da Tashar Yari a hankali, awa huɗu ta ishe ku in ba ta yi fushi ba. Zan jira ka a Ƙofar Doka da kwanon fate. Ni zan zauna gaba. Buhun gishirin yana baya.