Nas mai rawar hannu

Shekara 3 ɗaliba ke yi a makarantar koyon aikin jinya, ta ci jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, a ba ta lasisi. Amma daren farko da aka bar mata ɗakin marasa lafiya, sai ta ji kamar wata ce ta rubuta mata jarrabawar. Ba abin mamaki ba ne. Mutum-mutumin robar da ta fara koyon allura a jikinsa bai taɓa tsala ihu ba, jijiyarsa ba ta ɓuya kamar ta jaririn da gudawa ta tsotse, kuma ba shi da kaka a bakin gado mai cewa, "'Yan mata, ina babbar sistar?" Duk da haka na fi yarda da mai fargabar nan, domin ita ce ke karanta sunan magani sau biyu, ta sake lissafin ɗigon ƙarin ruwa, ta tambayi na gaba da ita ba kunya.

Za a ce majiyyaci bai zo asibiti kallon rawar hannu ba. Haka ne, sai dai 'yan watannin aikin dare kan warkar da ita. Wadda ta fito makaranta tana jin ta gama sani kuwa, har yau maganinta bai iso kantin asibiti ba.