Shari'ar Baffa da Ɓeran Amurka

Duk wanda ya ce maka katun abin yara ne, bai taɓa kunna Tom and Jerry a gaban manomin da ɓera ya yi wa ta'adi a rumbu ba.

Mu da muka tashi a ƙasar Kazaure tun tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, katun a wurinmu sai dai dace. Tashar talabijin ba ta buɗewa sai da la'asar, a unguwa kuma da wuya a samu gida biyu masu akwatin. Ka tsuguna a bakin taga, a nuna maka muzuru da ɓera na ɗan lokaci, kafin ka gama dariya an sako labarai. Shi ya sa da na kama aiki a Kano, faifan DVD kuma ya cika gari, na ga lokacin fanshe haushi ya yi. Ana jibi Babbar Sallah na shiga Ƙofar Wambai, wadda a zamanin ita ce matattarar 'yan faifai, na sayi na'ura ƙirar Sin da faifai guda mai hoton muzuru yana bin ɓera da guduma. Niyyata yaran gidanmu na Roni su zauna wuri ɗaya, mata su samu su yi suya ba a tsame musu nama daga kasko ba.

Ranar Sallah da daddare aka fito da talabijin tsakar gida, aka tayar da ƙaramin inji, yara suka zube a tabarma. Komai na tafiya daidai har Baffa, yayan mahaifina, ya dawo daga sallar isha'i. Ya nufo mu ne don ya ce a rage ƙara. Ya tsaya da carbi a hannu, daidai lokacin da ɓeran ya soka wutsiyar muzurun a cikin tarkon da aka ɗana don shi kansa ɓeran.

"Wannan kyanwar ta waye?"

Na ce, "Baffa, ai zane ne."

"Na ga zane ne. Cewa na yi ta waye? Ana ba ta abinci a gidan?"

"Ana ba ta madara."

"Madara!" Ya jawo kujera ya zauna. "Ana ba ta madara, ɓera yana buɗe firji a gabanta. Wannan ai ko kyanwar Lami ta fi ta, ita ba a kashe mata ko kwabo."

Ya kamata in faɗi halin da Baffa yake ciki a shekarar. Ɓeraye sun huda masa rumbu ta ƙasa, sun yi wa dawa ɓarna, sun cinye irin gyaɗar da ya ajiye don shuka. Ya ɗana tarko, tarkon ya kama yatsan jikansa. Ya zuba shinkafar ɓera, kajin Inna suka riga ɓerayen, maganar da har lokacin ba a tayar da ita in ana son zaman lafiya. To mutumin da ke ɗauke da wannan tabon ne na zaunar a gaban ɓera mai tafiya da ƙafa biyu, mai kwana a gado, mai yi wa kyanwa gwalo.

Abin da ya fi ƙona masa rai ma ba fim ɗin ba ne, jikokinsa ne. Duk lokacin da guduma ta sauka a kan muzurun sai su fashe da shewa suna tafi. Ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku 'ya'yan manoma ne kuwa? Wanda ya ci tuwonku na bazara shi kuke yi wa kirari?"

Nan ne boko ya motsa mini. Na gyara zama na ce ai wannan tsohon aiki ne, wasu Amurkawa biyu, William Hanna da Joseph Barbera, suka fara shi a kamfanin MGM a 1940, kuma daga nan zuwa 1958 sun yi guda 114, bakwai daga ciki sun ci kyautar Oscar, babbar kyautar fim ta ƙasar. Na ce ba don yara kaɗai aka yi su ba, a sinima ake nuna su kafin babban fim, manya su biya kuɗi su shiga. Na ƙara da cewa kowane ɗaya kamar minti bakwai ne, a kowace daƙiƙa hoto 24 ke wucewa, ke nan hoto ya haura dubu goma, kuma da hannu aka zana, babu kwamfuta.

Baffa ya saurara har na dire. Ya ce, "Wato magidanta ne masu iyali suka kwashe shekara goma sha takwas suna zana ɓera."

"Haka ne, Baffa."

"Har aka ba su kyauta."

"Sau bakwai."

"To a cikin ɗari da goma sha huɗun nan, ba za a rasa inda aka yi adalci ba. Ka nemo mini wanda kyanwar ta kama shi."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Faifan nawa kuwa aka kalle shi har tsakar dare, ba a samu adalcin ba, kuma da man inji ya ƙare sai aka zuƙo na babur ɗin ƙanena da tiyo. Babur ɗin da zan hau da safe ke nan. Na tura shi a ƙasa har bakin titi, cikin sabuwar shaddata, mutane suna yi mini barka da Sallah daga kan nasu baburan.

A Kazaure, kusa da tasha, na samu wani saurayi mai shagon faifai da cajin waya. Na yi masa bayanin abin da nake nema. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Yallaɓai, in ta cinye shi ai kasuwa ta tashi. Na gaba wa za ta bi?" Ban taɓa jin wanda ya fassara sirrin wannan sana'a a taƙaice kamar yaron nan ba. Duk da haka bai bar ni na tafi hannu rabbana ba, ya tura mini faifan Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan da aka fara yi wa katun a 1933, wanda in ya ci alayyafo sai damatsansa su kumbura. Baffa ya kalli rabin guda ya ce ba shi ya aike ni ba. Yara kuwa suka kalle shi tas, washegari Inna ta tarar da 'yar gadar alayyafonta ta bayan ɗaki a tsige, jikoki biyu suna kokawa, na uku yana riƙe da ciki.

Aka ce in gwada Babura, wai da yake tana dab da iyakar Nijar ana samun kayan da ba a samu a Kano. Na samu kuwa: kwali mai hoton muzuru ya danne ɓera da ƙafa, ɓeran ya zaro ido. Na biya ba ciniki. Mai tebur ɗin ba shi da wutar da za a gwada, ya dai rantse mini. Na iso Roni da magariba ina taƙama, Baffa ya aika a kira abokansa na majalisa.

Da aka kunna, babu muzuru babu ɓera. Hamada ce da duwatsu, da wata dabba mai kama da dila, ramamme, tana bin wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu. Road Runner ne na kamfanin Warner, wanda Chuck Jones ya fara a 1949. Na so in kashe, dattawan suka ce a bari. Suka ga dilan ya yi odar roka daga kamfani, ya ɗaura a bayansa, ya wuce tsuntsun, ya wuce bakin dutse, ya tsaya a iska yana dubanmu, sannan ya faɗa. Wani tsoho ya ce shi a duwatsun Roni ya yi kiwo tun yana yaro, bai taɓa ganin abin da ya jira sai ya duba ƙasa kafin ya faɗi ba. Baffa kuwa ya ɗauki abin a matsayin cin mutunci na biyu. A tatsuniyarmu dila shi ne malamin daji, shi ke raba gardama, shi ke wasa da hankalin kura. "Sun gama da kyanwa," in ji shi, "yanzu sun koma kan malamai."

Hutuna na ƙarewa, naman da aka ware mini ya tafi a bakin 'yan kallo, ni kuma na zama abin nuni a gari: ga ɗan bokon da ke yawon neman ɓera. Sai na tuna da wani abokin karatuna da ke koyarwa a Gwiwa, mai tara irin waɗannan kaya. Yana da jerin faifai na asali a cikin kwali mai kauri, wanda yayansa ya kawo masa daga Saudiyya, don Larabawa ma sun daɗe da kamuwa da muzurun nan. Ya ji buƙatata, bai yi dariya ba, don shi ma ɗan manomi ne. Ya zaro guda ya ce in nemi The Million Dollar Cat na 1944. Ya sa na yi alkawarin ba mai goge masa faifai da gefen riga.

A daren nan tsakar gidanmu ta cika har zaure. Liman ma ya zo, wai wucewa yake yi. Zuwansa ya yi rana, domin faifan na ɗauke da fassarar Larabci a ƙasa, kuma labarin duk a kan takarda ya rataya. Saƙo ya zo wa muzuru cewa wata tsohuwa ta rasu ta bar masa dala miliyan ɗaya, da sharaɗin kada ya cutar da kowane mai rai, ko da ɓera ne. Aka ce in tsayar da hoton, Liman ya matso da tabarau ya karanta, ya fassara wa jama'a. Muzuru ya koma katafaren bene, ɓera ya bi shi da takardar a hannu. Ya cinye masa abinci, ya ƙwace masa wurin kwana, in muzurun ya ɗaga hannu sai ya nuna masa sharaɗin. Baffa yana ta huci yana cewa, "Kun gani? Haka suke. Ka ba su rami su nemi ɗaki."

Can sai muzurun ya kai bango. Ya yi fatali da takardar, ya yafe miliyan ɗin, ya hau ɓeran da duka. Baffa ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi, yana cewa, "Ƙara masa! Na gyaɗata! Na kajin Inna!" Inna daga bakin madafa ta ce, "Malam, kajina dai ba ɓera ne ya zuba musu shinkafa ba." Ba wanda ya amsa mata. Yara suka yi tsit, ƙaramar cikinsu ta fashe da kuka.

Na ɗauka an gama, in kwashe kayana. Ashe yanzu aka buɗe zama. Liman ya gyara murya ya ce akwai gyara a wannan al'amari. Da farko wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, sai a bincika ko tsohuwar ta bar magada. Na biyu, dabba ba ta mallakar dukiya, sai dai a ba wani amana ya ciyar da ita. Na uku, ɓera yana cikin halittu biyar da aka yarje wa ko mai harami ya kashe, saboda haka sharaɗin tun asali ba shi da ƙafa.

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, wato da ya dake shi tun farko babu abin da zai rasa?"

"Ba shi da abin rasawa, don kuɗin ba su taɓa zama nasa ba."

Tsohon nan mai kiwo a duwatsu ya ce shi fa yana ganin a duba ɓangaren masu gidan, in ɓera da sata daddawa ma da wari, wa ya ce su riƙa barin cuku a fili? Aka rabu gida biyu. Aka ce in mayar baya a sake duba takardar. Aka sake. A karo na gaba faifan ya kakare, hoton ya tsaya cak a kan fuskar ɓeran yana murmushi, kafin in miƙa hannu wani ya zare shi, ya huhhura masa iska, ya goge shi da gefen babbar riga.

Da asuba ina ɗaura jaka, ina tunanin abin da zan gaya wa mutumin Gwiwa, Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da takarda da biro. Na'urar da rimot suna gefensa, ya ce sun zama nasa, yara su koma wasan langa. Ya ce in rubuta wa mutanen nan biyu wasiƙa da Turanci, in gaishe su, in shaida musu cewa an duba aikinsu a Roni an samu guda ɗaya mai kyau, saura 113 suna buƙatar gyara, kuma Liman a shirye yake ya taimaka.

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ai sun rasu. Hanna a 2001, Barbera a 2006."

Ya yi shiru, ya girgiza kai. Sannan ya turo mini takardar.

"To ba su bar magada ba ne? Rubuta."