Bazazzage, Ina Ka Kai Kuskuren?

Bawana na Zazzau, ina gaisuwa, duk da dai kai ya kamata ka fara durƙusawa. Labari ya iso Kano cewa kana cika baki a Samaru, wai manhajar da ka rubuta da Python ba ta taɓa yin kuskure ba. Na leƙa cikinta, na ga asirin. Duk inda matsala za ta ɗaga kai sai ka danne ta da except, ka bi ta da pass. Ko an ce ta raba kuɗi gida sifili, shiru take yi ta wuce, kamar yaron da ya fasa tulu ya tura ɓaraguzan ƙarƙashin gado.

Zo Kantin Kwari ka ɗauki darasi kyauta. Yaron shago in ya ƙirga ciniki ya ga bai cika ba, nan take zai ce, "Alhaji, akwai giɓi." Amfanin try da except ke nan: manhaja ta gane inda ta yi tuntuɓe, ta faɗa, ta rubuta, sannan ta san abin yi.

Tunda ku 'yan boko ne, ga tarihi. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Turai, Ariane 5, ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. Wata lamba ce a kwamfutar rokar ta fi ƙarfin ma'ajinta, wanda bai wuce 32,767 ba, kuma ba a tanadi mafita ba. Na'urar ko-ta-kwana ma manhaja ɗaya take ɗauke da ita, don haka rami guda ya cinye su. Amma a 1969, da aiki ya yi wa kwamfutar kumbon Apollo 11 yawa, sai ta buga ƙararrawar 1202, ta ajiye ƙananan ayyuka, ta riƙe na sauka a duniyar wata. Aikin su Margaret Hamilton, masu rubuta manhajar, ke nan, kuma an sauka lafiya.

Kai kuwa taka ko kukan ba ta yi. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibiya: ranar da kuɗin mutane suka salwanta, ko inda ɓarnar ta faro ba za ka gano ba.

Goge pass ɗin nan, ka bar kuskure ya yi magana. In ka gyara kafin cika-ciki, kuɗin shararka na nan a ajiye.