Ranar da tankin ruwan zafi ya yi mini wankan sanyi

A layinmu a garin Dindir gidanmu ne kaɗai ke da sahhan, wato tankin nan mai dafa ruwan wanka da lantarki. Yayana ne ya kawo shi daga Jidda, fari sol, mai cin lita 80, aka kafe shi a bangon banɗaki sama da kan mutum. Baba bai taɓa yabonsa ba. Kullum maganarsa ɗaya: kakanninmu da suka baro Burmi a 1903, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru, da ƙafa suka biyo ɗansa Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, kuma ba wanda ya goyo sahhan. Amma in asuba ta yi a watan Janairu, lokacin da iskar arewa ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, jikan mutanen Burmi shi ne na farko a bakin famfon ruwan zafi da butarsa.

To, wata asuba a Janairun 2020 famfon ya ba shi ruwan randa. Bai yi faɗa ba. Ya idar da salla, ya zauna a kan gadonsa na igiya, ya ce, "A kira Usta."

Usta shi ne mai gyaran wuta da famfo na unguwa, kuma ni da shi akwai 'yar tsama, domin ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, shi kuwa ko aji shida bai gama ba, amma shi ake kira in abu ya lalace. Na ce, "Baba, wannan ai ba sai an kira kowa ba. Hita ce ta mutu, ƙarfen nan da ke cikin tankin yana dafa ruwan. A zubar da ruwa, a cire ta, a sa sabuwa. Abin da nake koya wa yara ke nan."

Uwargida tana hura gawayi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, da dai ka bari." Na ji ta sarai, na yi kamar da kaji take.

A yi mini adalci, farkon aikin na yi shi bisa ƙa'ida. Na kashe makunnin wuta. Na rufe makullin ruwan da ke saukowa daga tankin kan soro. Na ɗaura tiyo a bakin ɗan bawul ɗin da ke gindin sahhan, na ja shi har gindin bishiyar lemun tsami, don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza, garin da ake sayen ruwa a ganga daga amalanken jaki. Na ɗaga hannun bawul ɗin. Ruwa ya tsiyayo kamar cikin buta ɗaya, ya yi 'yar kakari, ya tsaya.

Na ƙwanƙwasa tankin da sifana. Na kasa kunne. Ban san abin da nake sauraro ba, amma ƙanena da yara uku suna kallo, don haka na gyaɗa kai na ce, "Wayam. Ashe ma ba ruwa a ciki, shi ya sa hitar ta ƙone."

Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara huji ɗaya ya san abin da ya faru. Madara ba ta fita sai an yi huji na biyu da iska za ta shiga. Haka tankin yake: an rufe shi ta sama, ruwa ba zai sauka ba sai an buɗe famfon ruwan zafi, iska ta bi bututun ta hau can ƙololuwa. Wannan darasi na ɗan aji ɗaya ne. Ni da kaina na sha koyar da shi, da kofi da ɗan kwali, yara suna tafi.

Na hau kujera, na cire murfin roba, na zare wayoyi. Hitar tana manne ne a wani faifan ƙarfe a gindin tankin, da noti biyar. Na kwance na farko, na biyu, na uku, fuskata tana daidai ƙarƙashin faifan, bakina a buɗe saboda ƙoƙari. A na huɗu na ji tankin ya yi wani irin gyatsa, gulum, kamar raƙumi ya haɗiye tulu. Iskar da na hana shi ta sama ta samu hanya ta ƙasa.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wannan ma na koyar da shi. Amma ba ka sanin ma'anar kilo 80 sai sun sauko maka a ka, da sanyin Janairu, daga tankin da sunansa na ruwan zafi. Kujera ta yi gabas, sifana ta yi yamma, ni na zauna daɓas a tsakiya. Kuma ba ruwa kaɗai ya sauko ba. Kogin Dindir daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, da damina ya zo jajir da laka, da rani ya ƙafe ya bar kududdufai cikin yashi, mu koma ga ruwan rijiyar burtsatse mai barin farin gishiri a gindin tukunya. Shekara tara tankin nan yana tara duka biyun. Sai da ruwan ya kusa ƙarewa sannan kayan suka biyo: laka mai kauri kamar kunun kanwa, da ɓawon farar ƙasa kamar an farfasa ƙwai dubu. Kakana ya yi aikin auduga a Jazira, bayan an gama madatsar Sannar a 1925, kuma ya sha faɗa mana cewa duk albarkar ƙasar nan lakar Habasha ce. Ranar na samu rabona, har cikin kunne.

Ruwan ya fita ta ƙofar banɗaki, ya ratsa tsakar gida, ya kashe wa uwargida gawayi, ya ɗauki takalmin Baba ƙafa ɗaya ya kai shi zaure. Lemun tsamin da na yi wa tanadi kuwa yana can da butarsa ɗaya.

Baba ya leƙo, ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Sannu, Injiniya." Daga ranar sunan ya bi ni.

Da na ciro hitar sai na ga dalilin mutuwarta. Farar ƙasa ta naɗe ta har ta zama kamar rogon da aka tono, zafinta ya rasa hanyar fita, ta dafa kanta. Kusa da ita akwai wani ɗan tsinken ƙarfe da ban gane ba. Mai shago a kasuwar Sinja, inda na je neman sabuwar hita da rigar aro, shi ya gaya mini cewa wannan tsinken a da sanda ce mai kauri ta magnesiyam, an sa ta ne don tsatsa ta ci ta maimakon ta ci jikin tankin, kuma kamata ya yi a riƙa sauya ta tun kafin ta ƙare. Na ce masa na sani. Na sayi hita mai wat 1500, da sabuwar robar baki, na bar sandar don kuɗin mota.

Na dawo bayan La'asar, na kwashe sauran laka da hannu, na ɗaura hita, na ɗaure noti biyar tamau, na mayar da wayoyi. Sai na danna makunni, don kawai in ga 'yar jar fitilar ta kama. Ba ta kama ba, an ɗauke wuta. Na ce ba komai, in an kawo na ƙarasa. Na tafi masallaci sallar Magariba, na bar makunni a kunne, makullin ruwa a rufe, tanki ba ko ɗigo.

Muna raka'a ta biyu na ji yaran unguwa sun ɗauki ihun an kawo wuta. Allah ya yafe mini, ban san abin da liman ya karanta ba daga nan. Hita ba a yi ta don iska ba, ruwa ne ke kwashe zafinta, in babu shi cikin ɗan lokaci take yin ja ta fashe. Ana sallamewa na fita da gudu ba takalmi. Tun daga zaure warin ƙonannen ƙarfe ya gaya mini cewa kuɗina da tafiyata Sinja sun riga ni gidan gaskiya.

Washegari Usta ya zo, kuma Baba da kansa ya aika a kira shi. Bai ce mini uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Ya cire hitar, ya haska cikin tankin da fitilar wayarsa, ya miƙa yatsa ya taɓa wani wuri kusa da gindi, yatsan ya kusa fitowa waje. Ya ce, "Ustaz, tsatsa ta gama da shi. Lakar nan da ka kwashe ita ke toshe hujin." Daga nan ya karɓi kuɗin ƙafa, ya sha shayi, ya tambaye ni yaya makaranta.

Uwargida ta koma ɗora tukunya a kan gawayi da asuba, kamar yadda uwarta ta yi a garin Mai Wurno, Baba kuma ya ce ruwan tukunya ma ya fi daɗin alwala. Tankin, Usta ya tsaga shi biyu a tsaye da injin yankan ƙarfe. Rabi awaki ke shan ruwa a ciki, ɗaya rabin kuma wata baƙar kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara a cikinsa.