Ranar da Motata Ta Yi Aman Jini

Tsohuwar Camry ɗina ƙirar 1999 ba ta taɓa yi mini gardama ba sai da bazara ta kama gadan-gadan. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, in na faɗa cunkoson Bata sai ta tsiri wani hali. Zan taka totur, inji ya yi ta gurnani, ita kuwa ta yi jim, can sai ta zabura ta shiga giya da ƙarfi har ƙeyata ta bugi kujera. Da na zaro ma'aunin man giya, man da na sani ja garau ya koma ruwan ƙasa, yana ƙauri.

Bakanikena ya shinshina ya ce zafi ne. Giyar otomatik da mai take aiki, kuma a wannan tsaya-matsa na cunkoso man ya fi dahuwa. Masu ƙera motar sun bi da shi ta wani bututu a gindin lagireto don ruwa ya sanyaya shi, to amma ruwan ma yana wajen digiri 90. Shi man, tsakanin 80 da 90 yake so, in ya riƙa taɓa 120 sai ya ƙone ya cinye kayan cikin giyar. Maganin shi ne a ƙara masa ɗan lagireto nasa na kansa, oyil kula, a gaba inda iska ke bugawa. Ya faɗi kuɗin aiki. Na ce bari in yi shawara.

Da ƙanin matata na yi shawarar, ɗalibin tarihi a jami'a wanda bai taɓa riƙe sifana ba. "Haba Yaya, tiyo biyu ne fa da kilif huɗu. A YouTube na gani, Bature ko gumi bai yi ba."

A Ƙofar Ruwa mai shago ya zube mini kala biyu. Akwai mai bututu ɗaya da ke lanƙwasawa cikin fikafikan alminiyam, mai araha, akwai kuma mai falle-falle wadda ta fi sanyaya mai duk da ƙanƙantarta. Ni kuwa idona na kan wata ƙatuwa da ke rataye a bango. "Alhaji, ka san kaya," in ji shi, "wannan Beljiyam ce, ko tirela ka sa wa sai ta gode." Da muka zo gida ta ƙi shiga bayan bamba, a tsaye ko a kwance. Na mayar, ya ba ni ƙaramar, ya cire wani abu da ya kira kuɗin yawo.

Dabarar aikin ita ce man ya fito daga giya, ya bi ta lagireto, ya shiga sabuwar kular, sannan ya koma gida. Ke nan sai ka gano wanne ne layin komawa cikin tiyo biyun nan. Ana zare ɗaya ne a tayar da mota na ɗan lokaci a ga ta inda mai zai fito. Na kwanta a ƙarƙashi cikin farar singileti, na cusa bakin tiyo a gorar ruwa, na ce wa babban ɗana, "Tayar. In na ce kashe, ka kashe."

Man bai bi ta tiyo ba. Ta bakin lagireto ya feso, saitin fuskata. Wato tun zaren farko na dace da layin da ake nema, abin da har yau babu wanda ya yaba mini a kai. Matsalar ita ce mutumin da bakinsa ke cike da man giya ba ya iya cewa kashe, yaron kuma tarbiyya gare shi, ba ya yin abin da ba a sa shi ba. Sai da na yi ta shura taya da ƙafa ya leƙo ya ce, "Baba, in kashe?"

Na jawo jiki na fito jajawur tun daga gemu har cibiya, daidai lokacin da tsohuwar maƙwabciyarmu ta fito zubar da shara. Ta saki kwandon ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Jama'a ku taimaka, mota ta danne Malam!" Kan ka ce kwabo layinmu ya cika. Wani ya tsayar da adaidaita sahu, wani yana ta yi mini firfita da hula, wani dattijo ya durƙusa yana laƙana mini kalmar shahada. Ina ta cewa mai ne, suna cewa in daina magana kada jinin ya ƙaru. Uwargida ce ta fito da ludayi a hannu, ta lakato da yatsa ta shinshina, ta ce, "Malam, singiletin nan kai za ka wanke ta," ta koma ciki.

Ɗaura kular bai ɗauki lokaci ba. Ta zo da wasu tsinkayen roba da ake sokawa ta tsakanin fikafikan kwandensan AC. Ina soka na biyu muka ji tsiii. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, alamar ta zauna ke nan." Gas ɗin AC ne ya fice kaf. Tiyon ma bai kai ba, na cike da guntun na ban-ruwan fulawa, don a ganina tiyo tiyo ne.

Ran Asabar muka kama hanyar Zariya ɗaurin aure, surukina a gaba cikin babbar riga ta sha sitaci, gilasai duk a sauke. Muna wuce Kura inji ya ɗaga murya, mota ta fara rage gudu, har ta tsaya cak. Man mai zafi ya narka tiyon fulawa, ya zana jan layi a kwalta iyakar ganin ido. Surukina ya dubi layin, ya dubi agogo, ya ciro goro ya ɓara. Da igiya aka jawo mu Kano, shi yana zaune a gaba bai ce uffan ba, sai "sannu da ƙoƙari" ɗaya da ya yi mini wajen Na'ibawa.

Bakanike ya yi dariya har ya zauna a kan taya, ya kira yaransa su zo su ga tiyon fulawa. Ya wanke cikin kular tas, don tsohuwa kan zo da ɓurɓushin ƙarfen giyar da ta mutu a kanta. Ya sa tiyon da aka yi don mai, ya ɗaure ta da ƙarfe da noti, ya zuba Dexron III, ya auna mota na kunne a kan P, a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan ta ɗau zafi. Allah Ya taimake ni giyar ba ta ƙone ba. Kuɗin aikin kuwa ya haɗa har da na dariyar.

Yanzu giyar ta koma kamar ta amarya, ko a cunkoson Bata ba ta ƙwarewa. Kwandensa dai yana jiran albashi, muna yawo muna tsiyayar gumi, man giya ne kaɗai mai shan iska a motar. Makon jiya aka sake sa ranar wani biki a Zariya, na buga wa surukina waya na ce zan biyo in ɗauke shi.

"A'a ɗana, Allah Ya yi albarka," ya ce. "Na riga na kama kujera a tasha."