Sarkin Tasha a Cikin Gareji

In ka ji Bature ya yi ritaya ya ce zai huta, to ka tausaya wa motarsa. A Ingila da Jamus akwai wata lalura da ke kama maza da zarar furfura ta fara leƙowa. Mutum zai kori mota waje ta kwana cikin ruwan sama, ya shigo da faffaɗan katako gareji, ya shimfiɗa layin dogo mai faɗin ɗan yatsa, ya ɗora kan jirgi wanda bai wuce tsawon biro ba. Daga ranar an yi sallama da shi. Abinci sai an aika, baƙi kuwa sai su gaisa da ƙeyarsa.

Kullum da sunan yaro ake shiga harkar. "Jikana na saya wa," in ji dattijo, yana rungume da kwali. Ranar da jikan ya zo ya miƙa hannu, sai ka ji tsawa: "Kai! Da ido ake kallo!" Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, da Hornby na Ingila, da ya fara fitar da jiragensa a 1920, sun daɗe da gano cewa mai biyan kuɗin shi ne mai wasan. A wajenmu yaro kan haɗa motar kara, ya ja ta har ya gaji, ya girma ya bar wa ƙanensa. Su can sai an girma ake farawa. Allah ɗaya, gari bamban.

Kada ka kuskura ka ce da shi wasa yake. Ai akwai mazhabobi. Mabiya ma'aunin HO suna rage komai sau 87, har mutum ya dawo kamar santimita 2. Ingilishi, da yake ba ya son tafiya a sahun kowa, ya riƙe OO, mai rage abu sau 76, amma ya ɗora shi a kan layin HO mai faɗin milimita 16.5. Nan fa masu tsanani suka ce layin ya yi wa jirgin kaɗan, suka ɓalle suka koma milimita 18.2. Wasu suka ce su ma waɗannan sassauci suka yi, gaskiya tana kan 18.83. Dattawa masu jikoki, kowa da tabarau a karan hanci, ana kallon juna sheƙeƙe a kan tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne wajen ƙazanta. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi sabon kan jirgi fil, yana sheƙi. Ya kawo shi gida, ya ɗauko burushi da fenti, ya kwana yana shafa masa tsatsa, da baƙin hayaƙi, da ɗigon mai, don ya yi kama da na gaske. Wannan bawan Allah shi ne wanda ya shekara talatin yana tsaye a tasha yana tsine wa hukumar jiragen ƙasa saboda datti da tsufan taragai. Yau an ba shi duniya tasa ta kansa, ya tsara yadda yake so, sai ga shi yana dasa ciyawa a tsakiyar layi, yana fasa gilashin taga da gangan, yana manna bola a bayan tasha.

Bayan duk wannan wahala, ranar baje koli wani zai zo ya sunkuya, ya ƙirga ƙusoshin jikin tarago, ya ɗago ya ce, "Aikin ya yi kyau, sai dai irin wannan ƙofar ba a fara yin ta ba sai bayan shekarar da ka ce kana kwaikwayo." Mai kaya ya yi murmushi ya ce ya gode. A daren zai ɓalle ƙofar.

Ka tambaye shi yaushe zai gama, ya dube ka kamar ka yi masa baki. Ba a gamawa. In gada ta tsaya, dutse bai yi ba. In dutse ya yi, sai a ga tashar ta yi kusa da kogi, a rushe a sake. In gareji ya cika, a fara aika wa uwargida jakada a kan ɗakin baƙi. Mawaƙin nan Rod Stewart ya shafe shekara fiye da 20 yana gina wani birnin Amurka na shekarun 1940, har in ya fita yawon waƙa yakan kama ƙarin ɗaki a otal saboda ƙananan gine-ginensa. A Hamburg kuma tagwaye Frederik da Gerrit Braun sun mayar da lalurar sana'a: sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001, yanzu layinsa ya haura kilomita 16, dare na yi duk bayan minti 15, gobara na tashi a kan ƙa'ida, 'yan kwana-kwana su iso a kan lokaci. Mutane na biyan kuɗi su ga wannan abin al'ajabi na ƙarshe.

To me ake nema? Horst Seehofer ya ba mu amsa ba tare da ya buɗe baki ba. Mutumin ya mulki jihar Bavaria kusan shekara 10, ya riƙe muƙamin ministan cikin gida na Jamus, amma yana da nasa layin dogo a ɗakin ƙasa, har da 'yar mutum-mutumin Angela Merkel, tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus, a ciki. A can ƙasa babu majalisa, babu zaɓe, babu yajin aiki. Talakawa an manne ƙafafunsu da gam, sun shekara goma suna jiran jirgi, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Ka murɗa makunni ƙasa ta motsa, ka kashe kowa ya tsaya cak. 'Yar adawa ɗaya ce tak, kyanwar gida, wadda kan zo ta miƙe a kan babban layi, ta kifar da jirgin safe da wutsiya.

Don haka ni na daina yi wa dattawan nan dariya. Shawarata ma, duk wanda aka ga ƙaiƙayin mulki ya dame shi, a yi karo-karo a saya masa katako da gam da taragai shida, a haɗa masa da kyanwa, a ja masa ƙofa. Ya fi araha.