Su Wa Ke Cika Sahu Ranar Tattakin Mata?

Duk inda mata suka fito tattakin neman haƙƙinsu, a Chereponi ne ko Yendi ko Bawku, ranar 8 ga Maris ce ko cikin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata da ke farawa 25 ga Nuwamba, mutanen ba sa canzawa, zannuwa ne kawai ke canzawa.

Magajiya ce kan gaba. Ita ta bi gida-gida ta taro jama'a, ita ke riƙe da takardar koken da za a kai ofishin asambuli, ita kuma za a zaga in ruwan leda ya ƙare. Tun ba a bar tasha ba muryarta ta dishe, amma lasifika sai dai a ƙwata.

Bayanta 'yar riga ce. Tambayarta ɗaya: "Magajiya, yaushe za a raba rigunan?" In ta samu tata, sai ta tuna da ƙanwarta da ke Tamale. Ƙawarta mai waya kuwa, da ta ɗauki hoto ta haye babur, kafin la'asar duk Facebook ya shaida ita ta ja ragamar gwagwarmaya.

Ni dai mai koko da ƙosai ta fi burge ni. Da zuciya ɗaya ta fito, tana amsa take da ƙarfi, amma tire na bisa kanta. "A ba mata haƙƙinsu!" da "Yau ba bashi!" a numfashi guda suke fita. In an watse, ita kaɗai ke komawa gida da wani haƙƙi a ƙullin zane.

Sai maigida mai rakiya. Daga nesa yake bin sahu, wai tsaron mata ya zo yi, alhali tuwon dare yake lissafi. Ka taɓa shi ka ji lacca: shi ƙin mulkin mata? Ya jawo maka Hawa Yakubu ta Bawku, ya rantse da hannunsa ya zaɓi Doris Seidu, wadda ta wakilci Chereponi a majalisa har rasuwarta a 2009. Kujerar Ankara ya yarda a ba mace. Ta tsakar gidansa ce, wallahi, ko ƙura ba a kaɗewa sai da izini.

Honarabul kan iso ana shirin tashi. Ya karanto dokar daidaiton jinsi ta 2024, kashi 30 cikin ɗari na muƙamai ga mata zuwa 2026, ya tuna wa jama'a Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 2025, sai ka ce shi ya naɗa ta. A tafa, ya faɗa mota.

Can ƙarshen sahu akwai tsohuwa mai dogara sanda. Rabon riga bai kai kanta ba, allon da aka miƙa mata ma a kife ta riƙe shi. Amma ta ji yadda aka kashe Akua Denteh, mai shekara 90, a Kafaba kusa da Salaga a 2020, bisa zargin maita, mutane na tsaye suna kallo. Ta san Gambaga da Gnani, inda tsofaffin da aka kora daga garuruwansu ke ƙare rayuwa. Majalisa ta amince da ƙudurin hana irin wannan zargi a 2023, shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, bai sa masa hannu ba. Ta kuma san mafarkin yaro guda ya isa a watso mata da kayanta waje.

Magajiya, don girman Allah, tattaki na gaba ki miƙa wa Iya mai sanda lasifikar nan kafin Honarabul ya iso.